Ƙofar Bayan Silimar Bakin Tasha

"Safiyanu ne ya kashe auren nan, kuma da ƙarya ya kashe shi. Ya san ƙarya ce, ya kuma san na san ya sani."

Gogo Zulai ce ta faɗi haka, tana zaune bisa tabarma a gindin dogonyaron tsakar gida, tana tsince wake a faifai. Ko murya ba ta ɗaga ba. Ita dama in ranta ya ɓaci sosai sai maganarta ta yi sanyi.

Ɗanta Abdu na tsugunne a gefe. Daga ɗaki kuwa sai shessheƙar ɗiyarsa Zakiyya, tun hantsi ba ta tsaya ba.

Wata biyu ke nan da dangin Ridwanu suka kawo gaisuwar iyaye, aka karɓa, aka raba goro, aka ce bayan girbi za a sa rana. Ridwanu mushen lakol ne, wato malamin makaranta, a Agye, maraya, ƙanen ubansa Alhaji Safiyanu ya riƙe shi tun yana ɗan shekara shida. Zakiyya kuma allurar rigakafi take yi wa yara a likita, asibitin gari. Shekara uku suna son juna, Gazawa kaf an san da su.

Yau da safe sai ga tsofaffin mata biyu daga gidan Alhaji. Suka zauna, suka sha ruwa, suka ce an aiko su su ce an fasa. Da aka matsa masu a kan dalili, ɗaya ta dubi ƙasa ta ce an yi bincike. Alhaji ya ce da idonsa ya ga kakar yarinya tana shiga silima ta ƙofar baya, shekara da shekaru, da aurenta. Su ba su ɗaukar iri a gidan 'yar silima.

"Gogo, ni ban ce gaskiya ya faɗa ba," in ji Abdu. "Amma magana ta fita. Kafin azahar ta kai tasha, kafin la'asar ta kai Tasawa. Ga Mubarak nan, motocinsa biyu na shiga Najeriya suna fitowa, sau uku yana aiko mani neman aurenta. Ɗazu ma ya kira ni, ya ce shi ko kakarta ce ta gina silimar yana so."

"Haka ya ce?"

"Haka ya ce."

"To shi ma ya yarda ke nan. Taimakonmu zai yi." Ta jefar da tsakuwa. "Kai ma ka yarda. Ban ji ka tambaye ni ba."

Abdu ya sunkuyar da kai. Ɗan fari ne, tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, shi ma bai saba haɗa ido da ita ba. Yana ɗan shekara tara lokacin da abin ya fara. Ya tuna tana fita bayan magariba da kwanon tuwo, ya tuna damben da ya sha yi da yara a lakol a kanta. Bai taɓa tambaya ba.

"Tashi ka tafi shagonka," ta ce. "Mubarak ka ce mashi mun gode, ba a kai nan ba."

Ta aje faifan ta shiga ɗaki. Zakiyya na kwance rub da ciki, farar rigar aikin da ta sa don fita ma ba ta cire ba.

"Tashi ki sha fura. Kin cika mani gida da majina."

"Gogo ki bar ni."

"Ba ni barin ki. Ni aka zaga, ke ke kuka."

Zakiyya ta tashi zaune, idanu sun kumbura. "Ya kira ni sau tara ban ɗauka ba. Mi zan ce mashi? Baba na ta zancen Mubarak, ni ko sunansa ba ni son ji. Wallahi Gogo in ba Ridwanu ba, gara in zauna haka in tsufa cikin ɗakin nan tare da ke."

"Allah ya kiyaye. Ni na gaji da ke."

Zakiyya ta so ta yi dariya, kuka ya rinjaye ta. Ta kama bakin zanen kakarta tana murzawa, sannan ta fitar da maganar.

"Gogo, don Allah. Kin shiga?"

"Na shiga. Shekara huɗu, kullum, sai ran da aka yi ruwa."

Zakiyya ta saki zanen.

"Kada ki zare mani ido. Zauna daidai ki ji. Ku yanzu mangaza kuka san wurin, inda ake tara buhunan aya."

Silimar bakin tasha wani attajirin gyaɗa ne ya gina ta, mutumin Maraɗi, shekarar da aka kawo Zulai gidan miji. Ba ta da rufi. Doguwar katanga ce, da bango guda da aka shafe da farar ƙasa, da gurub mai ƙara a baya yana ba da wuta, tun garin bai san lantarki ba. Masu dala biyar su zauna ƙasa a gaba, masu dala goma bisa benci, mushe-mushe, wato ma'aikata, da jandarmomi bisa kujerun ƙarfe. Ranar kasuwa samarin Fulani su jingine sandunansu bakin ƙofa su shiga. Fim daga Maraɗi yake zuwa cikin gwangwanaye masu faɗin faifai, na Indiya, na 'yan Sin masu tsalle, na masu doki da bindiga. In mugu ya laɓe bayan mutumin kirki, duk silimar ta ɗauki ihu tana gaya mashi ya waiwaya. Matar aure kuwa ko bakin ƙofar ba ta giftawa.

Ɗanbaba, mijin Zulai, shi ke juya inji. Wani ɗan ɗaki ne a sama, kabin suke ce mashi, da inji biyu da 'yan ramuka a bango. Fim guda gwangwani shida ne ko bakwai. In na inji ɗaya ya kusa ƙarewa sai wani ɗan ɗigo ya fito a kusurwar hoto ta sama, ƙiftawar ido, sai a tada na biyu. In ba a ga ɗigon ba bango ya yi fari, mutane su hau jifa da zagi. Hasken kuma wasu sandunan gawayi biyu ke ba da shi, wuta kamar ta walda, dole a riƙa leƙawa ana gyara su. Shekara goma Ɗanbaba na leƙawa. Wutar ce ta cinye mashi ido a hankali.

"Da fari hayaƙi ya ce yana gani," in ji Gogo. "Sai ran da na same shi yana miƙa wa ginshiƙin rumfa hannu, ya zaci baƙo ne. Ya zaunar da ni ya ce, Zulai, in mai silima ya ji, gobe zai kawo wani daga Maraɗi. Ga ku biyar, ke da yara, gona ba mu da ita. Hannuna ya san injin nan ko cikin duhu. Ido kawai nike son aro."

"Sai kika ara mashi," Zakiyya ta ce a hankali.

"Sai da ya sa na dafa Alƙur'ani ba zan faɗa wa kowa ba. Kullum in ɗauki kwanon tuwo kamar abincinsa na kai, in hau, in tsaya bakin rami, hannuna bisa kafaɗarsa. In ɗigo ya fito in matsa. In hoto ya yi dishi-dishi in ce juya, juya, ya isa. In fim ya tsinke in nemo mashi bakin, shi ya liƙa. Gawayin kuwa ya hana ni leƙawa sai da baƙin gilashi, wanda shi bai taɓa sawa ba, sakaran mutum, Allah ya jiƙansa. Shekara huɗu kusurwa nike kallo, 'yar nan. Ki tambaye ni wa ya auri wa cikin finafinan nan, ban sani ba. Waƙoƙin dai sun shiga kaina."

"To zagin fa?"

"Mai silima na da ɗaki ƙarƙashin kabin, nan yake zama da abokansa. An ga mace ta shiga da kwano ba ta fito ba sai an tashi. Mutanen Gazawa ba su rasa abin cewa. Kakanki ya ji, ya yi kuka da idon da bai gani. Na ce ya sake ni in faɗa, ya ce in bari ubanki ya gama lakol. Kafin nan bidiyo ya shigo, kowane zaure da nasa, masu wa'azi suka tashi, silima ta mutu. Ya zauna gida shekara guda, sannan ya ce wa mutane makanta ta same shi lokaci ɗaya. Bai so a ce ya cuci mai gidansa, bai so a ce mace ta ciyar da shi. Har ya rasu bai sake ni ba."

Zakiyya na ta share hawaye da bakin mayafi. "Gogo, rantsuwar fa?"

"Ga ta nan na karya ta gabanki. Zan yi kaffara, azumi uku bai kashe ni. Shi ya tafi inda ba a korar mutum daga aiki. Ke kina nan."

"Wa zai yarda da mu? Za a ce don aurena kika tsara."

"Akwai wanda ya sani. Sha furarki."

Bayan la'asar sai ƙarar moto, wato babur, a ƙofar gida. Ridwanu ne, daga Agye ya taso da alli a hannun rigarsa. Ya zauna a zaure kamar mai zaman makoki. Zakiyya ta fito ta tsaya jikin ƙofa, ba ta zauna ba.

"Zakiyya, ni ban fasa ba."

"Kai ba ka fasa ba, amma wa zai zauna gaban liman ya karɓa maka?"

"Shi ya riƙe ni, shi ya sa ni lakol. Ban taɓa ce mashi a'a ba sai jiya. Ya ce in na ƙara, in nemi wani uban."

"To ka koma ka ba shi haƙuri. Ba ni so a ce ni na raba ka da wanda ya riƙe ka. Ka tafi, Ridwanu. Ni zan iya."

"Mi za ki iya? An ce mani Mubarak ya riga ya aiko."

"Ya aiko. Ni aka ce maka na amsa?"

"Ban ce ba."

"To kada ka ƙara kawo mani sunansa."

Kowa na kallon ƙasa, hawaye na zuba. Gogo na bayan ƙofa da mayafinta da takalmanta, ta ga abin ba shi da ranar ƙarewa.

"Angon nawa, ka gama?" Ta shigo. Ridwanu ya sauko daga benci ya durƙusa. "Alhajinka ta ƙofar baya ya ce ya gan ni?"

"Haka ya ce, Gogo."

"Ka san ƙofar?"

"Na san ta. Tana nan har yanzu, cikin lungu."

"Ana hango ta daga titi?"

"A'a."

"Ta ina ake kulle ta?"

Ya yi ɗan tunani. "Ta ciki."

"To kai da kake koya wa 'ya'yan mutane, ba ka tambaye shi mi yake yi a wurin ba, kullum, shekara huɗu?"

Ridwanu ya ɗago ya dube ta.

"Tada motonka. Ke kuma koma ciki ki wanke fuska."

Shekara talatin da wani abu Gogo ba ta bi ta gaban wurin ba, ko gidan suna za ta je can sai ta zaga ta bayan tasha. Alhaji Safiyanu ya sayi kangon bayan ya daɗe a rufe, ya buga mashi kwano, ya maida shi mangazar aya da wake. Amalanke uku na tsaye a ƙofa, jakuna na kaɗa kunne. Ciki manoma sun yi layi gaban sikeli, leburori na jido. Can ƙarshe farin bangon na nan, buhuna sun rufe rabinsa. Ta ɗaga kai ta ga ramukan kabin, tantabaru na leƙowa. Ta sauke kai ta wuce ciki.

Alhaji na zaune bisa kujerar roba da carbi a hannu, farar shadda, gemu ya sha lalle. Da ya gan ta bayan Ridwanu sai carbin ya tsaya.

"Gogo Zulai. Ina wuni."

"Da Yaya Zulai kake ce mani. Lokacin da kake cinye rabin tuwon da nike kawowa, ka lashe kwano, ka ce in ƙara yaji gobe."

Wani lebura ya aje buhunsa. Mai sikeli ya bar awo.

"Wannan ba wurin magana ba ne," in ji Alhaji.

"Nan ne wurinta. Nan aka yi ta."

"Ni ban yi maki ƙarya ba. An tambaye ni, na ce na gan ki kina shiga. Ko ba ki shiga ba?"

"Na shiga. Ka faɗi rabi ka haɗiye rabi, rabin da ka faɗa ya fi ƙarya muni. Kai ne mai tsaron ƙofa a silimar nan. Kai ke yaga biye, tikitin shiga. Kai ke zare mani sakata. Kai ke riƙe hannun marigayi ka hau da shi tsani, don kada a ga yana lalube. In mai silima ya nufo sama kai ke yin tari sau biyu in ɓuya bayan inji. Ran da mutane suka fara zagina na ce Safiyanu matashi ne, tsoron aikinsa yake, na yafe. Da silima ta mutu na ce zai faɗa. Da ka je Makka ka dawo na ce yanzu kam zai faɗa. Ban taɓa zaton kai za ka ɗauko ta da hannunka ka jefi jikata da ita ba."

Alhaji ya miƙe. Ya dubi manoman, ya dubi Ridwanu, ya ce wa mai sikeli ya ci gaba da awo. Ba wanda ya motsa. Sai ya matso kusa da ita, ya rage murya, yadda daga ita sai Ridwanu za su ji.

"Yaya Zulai, ki rufa mani asiri. Ba ni na tada maganar ba. Matan gida suka jiyo ta, suka zo gaban 'yan kwamitin masallaci suka tambaye ni. In na ce na san dalili, sai an ce ta yaya na sani. 'Ya'yana ba su san na yi aiki a silima ba. Ni na tsaya gaban mutane na ce na sayi wurin nan don in tsarkake shi."

"Ka tsarkake shi da aya."

"Ki saurare ni. Gobe zan aika a ce na sake shawara. A sa rana, ni zan karɓa mashi auren, zan yi komai. Mu ce mun yafe abin da ya wuce, a rufe maganar. Ba wanda zai ƙara tada ta."

Ridwanu ya ja numfashi. "Gogo, ya yarda fa."

Ta juya ta dube shi. Yaro ne mai kirki, idonsa ya cika da murna, har ta ji tausayinsa. Ta tuna Zakiyya kwance rub da ciki. Kalma guda za ta faɗa, yau a kwana da dariya a gidanta.

"Ya yarda da mi?" ta ce. "Kun yafe? Mi na yi maku da za ku yafe? Ta shiga gidanku tana jikar 'yar silima da aka yi wa alfarma. Ran da ta fasa kwano a tuna mata. Ran da ta yi latti daga likita a ce gado ne. Ta haifi ɗiya, a zo neman aurenta, wasu tsofaffi su zauna su sha ruwa su ce an fasa. Ni na ɗauki abin nan shekara talatin da takwas saboda na yi rantsuwa. Ita ba ta rantse wa kowa ba."

Fuskar Alhaji ta canza. "Ki yi tunani. In kika ƙi wannan, ba ni ƙara tayi. Yaron nan kuma bai yin aure sai da ni."

"Gogo," in ji Ridwanu.

Tsohuwa ce, ko sunanta ba ta iya rubutawa, shaidarta guda ce a duniya kuma ga shi tsaye yana gaya mata ba ya faɗa. In ya dage, ta kashe auren jikarta da hannunta, Abdu ya samu hujjar Mubarak.

Ta duba ta ga buhun aya kusa da sikeli. Ta gyara zanenta ta zauna bisa, ta cire takalmanta ta aje gefe, kamar wadda ta zo wuni. Manoman suka matso. Daga ƙofa masu amalanke suka shigo, har mai shayin bakin tasha ya leƙo.

Wannan karon ta ɗaga murya, daidai yadda na ƙofa za su ji.

"Gaban mutane ka fitar da maganar nan, Safiyanu, gaban mutane za ka gyara ta. Ga ɗanka nan, ga abokan cinikinka. In ka ƙi nan, da magariba ina ƙofar masallaci, gobe ina gidan hakimi. Wa ke buɗe mani ƙofar baya, kuma mi nike yi a sama? Ka faɗa masu. Ina sauraren ka."